Yayana, Mai Kyauta da Abokan Cinikinsa

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma ake komawa, wani gaban wani. Yayana ya riga ni zuwa duniya, ga shi ya riga ni barinta. Ya cika a gidansa na Limawa bayan 'yar gajeruwar jinya, aka sallace shi bayan azahar, muka kai shi makwanci ba nisa da kabarin mahaifinmu. Ina rubuta wannan ne saboda jikokinsa, waɗanda suka tashi suka gan shi tsoho mai sanda da yawan faɗa, ba su san dalilin da ya sa masu gidajen burodi da yawa a garin nan suke kiransa Baba ba.

Neman abinci ya kai ni Kumasi da Abijan da Jidda kafin tsufa ya maido ni Minna, kuma duk inda na zauna na halarci makoki. Amma ban taɓa zama a rumfar da harsuna suka cakuɗu kamar ta Yaya ba. A kan tabarma ɗaya sai ka ji ana ta'aziyya da Hausa ana amsawa da Nufanci, can gefe wasu na jimami da Yarbanci, wasu da yaren Gbagyi. Matan coci suka zo daga Bosso da ɗankwali iri ɗaya, suka wuce cikin gida wurin Hajiya, matar marigayi. Masu shayi kuwa ayari guda suka yi. Wani tsoho a cikinsu ya durƙusa gabana ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Mutumin nan tun ina da baƙin gashi yake zagina wai ina cika wa madara ruwa. Yanzu wa zai zage ni?" Jama'a suka yi dariya, shi kuwa hawaye yake sharewa da hularsa.

Ranar sadakar uku wata mata 'yar ƙabilar Ibo, mai shago a Bosso, ta tsaya bakin rumfa ta gaishe mu. Ta ce, "Baba ya tafi, amma burodinsa bai fasa zuwa ba. Ko yau da safe an kawo mini." Babban ɗan marigayi yana zaune kusa da ni. Muka dubi juna, domin shi da hannunsa ya kulle gidan burodin tun ranar rasuwa, ya ce ba za a hura wuta ba sai an yi sadakar bakwai. Muka ɗauka ruɗewa ce irin ta mai baƙin ciki, muka yi mata godiya ta tafi. Zan dawo kan maganarta.

Mahaifinmu aikin reluwe ne ya kawo shi daga Zariya, ya yi aure, ya kafa gida a Limawa. Yaya ya fara sana'a da tire a ka, yana bin tagogin jirgi da burodin wani Bayarabe. Daga talla ya shiga ciki ya koyi kwaɓi da gashi. Da ya ƙware, maigidan ya yaye shi yadda suke yi: aka dafa abinci, aka yi addu'a, aka sa masa albarka. Yaya ya dawo gida ya gina tandar laka a bayan ɗakin mahaifiyarmu, ya gasa burodi mai kyau, ya rasa mai karɓa. Kowane mai shayi yana da wanda yake kawo masa, kowane shago kantarsa a cike. Burodin ya riƙa kwana yana bushewa, mahaifiyarmu tana jiƙa mana shi a koko safe da yamma. Har yau in na ga burodi kusa da koko sai in ji ƙoshi.

Wannan wahala ba ta taɓa fita daga ransa ba. Yakan ce, "Ka koya wa yaro sana'a ka sallame shi babu mai saye, ka ba shi guga ne ka hana shi rijiya."

Saboda haka da Allah ya buɗa masa, ya fito da irin nasa yayen. A sana'arsu akwai abin da suke kira layi, wato jerin shaguna da masu shayin da mota ɗaya ko babur ɗaya ke kai wa burodi kowace safiya. Layi shi ne dukiyar mai gidan burodi, ya fi tanda, ya fi injin kwaɓi. Kuma abu ne mai saurin kuɓucewa: in kanta ta kwana biyu babu burodinka, babur ɗin wani zai cike ta, kafin ka dawo an manta da kai. To, duk ma'aikacin da ya daɗe a hannun Yaya har ya isa kafa tasa tandar, Yaya ba ya ba shi ko kwabo. Sai ya sa babbar riga, ya ɗauki sandarsa, ya sa shi gaba, su bi layi guda daga cikin layukansa shago bayan shago. A ƙofar kowanne magana ɗaya yake yi: "Wannan ɗana ne. Daga gobe shi zai riƙa kawo muku. In ya rage muku nauyi ko ya kawo ɗanye, ku kawo ƙararsa wurina." Daga ranar motar Yaya ba ta ƙara tsayawa a layin nan.

Na ga yaye iri-iri. Yarbawan da na zauna da su a Kumasi biki suke yi a ba yaro shaidar ƙwarewa. 'Yan kasuwar Ibo sukan kama wa yaronsu shago su zuba masa kaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani mai kanti da na yi wa aiki a Abijan kuwa rantsar da mu ya yi cewa in mun bar shi ba za mu buɗe irin kantinsa a unguwar ba. Kowanne da hikimarsa. Amma wanda zai yanki naman jikinsa ya miƙa wa wanda gobe zai yi gogayya da shi a kasuwa, ban gani ba sai a gidanmu.

A kan haka muka yi faɗanmu mafi girma. Na dawo hutu daga Abijan na tarar ya ba da layin asibiti, wanda a lokacin shi ne mafi tsoka. Na same shi gaban sikeli yana auna kwaɓi, domin har ya tsufa bai yarda wani ya tsaya masa a kan sikeli ba. Na ce, "Yaya, wannan ba kasuwanci ba ne, sadaka ce. In sadaka kake so ga masallaci can yana neman rufi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kai da ka zaga duniya, me ka dawo da shi?"

Na ce, "Na dawo da Faransanci da Larabci."

Ya ce, "To, kawo su a kwaɓa a gasa, mu ga ko yara za su ƙoshi."

Ma'aikata suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Na fita ban yi sallama ba. Muka daina cin tuwo a kwano ɗaya, sai da ƙanwarmu ta zo ta zaunar da mu, ta ce tun da uwa ba ta da rai ita ce uwa, kuma ba ta haifi 'yan dambe ba. A zaman nan ne ya yi mini bayanin da bai saba yi wa kowa ba. Ya ce yaron da ya san akwai layi yana jiransa ba ya satar fulawa, ba ya ƙona burodi, domin sunan da zai gada yake karewa. Ya ce kuma layin da ya daɗe a hannunsa barci yake sa shi. "Ranar da na bayar, washegari dole in sa takalmi in fita neman wani. Da ban bayar da na asibiti ba, yaushe zan san akwai mutane a Bosso?"

Har yau ban ce duk gaskiya tasa ce ba. Akwai wanda ya yaye ya ba shi layin kasuwa, bai shekara ba ya rage wa burodi nauyi, ya shiga bin sauran layukan yana cewa Baba ya tsufa, hannunsa ya fara rawa. Na je musamman na ce, "Na faɗa maka." Ya ce, "Ka faɗa. Buhun gyaɗa ba ya rasa ruɓaɓɓiya, amma don ita ba a daina shuka." Ya sa rigarsa ya bi shagunan nan ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Na janye bakina a kan yaron nan." Iyakar hukuncin ke nan. Layin kuwa bai karɓe ba, ya ce kyautar da aka bayar an bayar.

Kada jikokinsa su ɗauka waliyyi ne. Harshensa kaifi gare shi, kuma ya fi kaifi a cikin gida. Yakan danna burodi da babban yatsa, in bai taso ya koma yadda yake ba, sai ya ajiye shi gaban wanda ya gasa ya ce, "Ci. Yau shi ne abincinka." Babban ɗansa bai taɓa jin yabo daga bakinsa ba. Ko da ya gama karatu ya sami aikin ofis a Abuja, abin da uban ya ce da ya riƙe tafinsa shi ne, "Hannun nan ya yi laushi." Amma ka je teburin masu shayi ka ji yadda yake cika musu kunne da labarin ɗan nan, har sun haddace sunan ofishinsa. Na sha ce masa, "Yaya, ka faɗa masa a gabansa mana." Sai ya ce yabo kamar yis ne, in ya yi yawa burodi ya kumbura ya zama iska.

Wani halin nasa kuma: ranar Kirsimeti ba Kirista ko ɗaya da ke taɓa aiki a gidan. Tun jajibiri yake sallamarsu da burodi mai madara na kai wa gida, shi da 'ya'yansa da Musulmin ma'aikata su tsaya gaban wuta. Ranar Sallah su kuma su karɓa. Ni ma in ina gari ba na tsira, sai ya ɗaura mini tsumma a ƙugu ya ce Bafaranshe ya zo ya shafa wa gwangwani mai.

A cikin masu karɓar aikin Sallah akwai mai tanda, wanda shi ne na ƙarshe a jerin masu jiran yaye. Daga kudancin Kaduna ya zo yana saurayi, ya zauna gaban wutar Yaya har furfura ta fito masa, ya ma girmi babban ɗan gidan. An sha yi masa tayin yaye yana cewa bai shirya ba, ƙannensa na makaranta. A bara ya gama gina tasa tandar a hanyar Bida. Yaya ya tara ma'aikata ya ce bayan Sallah zai zaga da shi layin Gidan Kwano, inda jami'a take. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. In makaranta na ci, ɗalibai kan afka wa burodi kamar fara ta sami gero, kuma layin nan shi ne ƙashin bayan gidan. Sallah ta zo ta same shi a kwance, bai ƙara sa babbar riga ba.

Ana cikin zaman makoki, bayan la'asar, babban ɗan ya ja ni zaure. Ƙannensa da Hajiya sun riga sun ce ya riƙe gidan burodin a madadinsu, abin da ya yanke sun yarda. Ya ce, "Baffa, ba na son in saɓa wa Baba. Amma fulawa ta yi tsada, itace ya yi tsada, ga ma'aikata da iyalansu. In na ba da layin nan gidan ya durƙushe, za a ce ɗa ya rushe abin da uba ya gina. In na hana, za a ce ɗa ya ci alkawarin uba. Wanne zan ɗauka?"

Na gaya masa abin da na gani a duniya: irin wannan alkawari sau da yawa tare da mai shi ake binne shi, kuma ba mai zargin magada. Na ce amma ni ban iya zaɓa masa ba. Ya riƙa murza hularsa. Shi kuwa mai tanda kullum yana rumfa, shi ne jera kujeru, shi ne raba ruwa. Da na ɗan taɓo masa maganar sai ya ce, "Alhaji, ba yanzu ba. Ƙasar kabari ba ta bushe ba."

Da aka yi sadakar bakwai, ɗan ya buɗe gidan burodi, ya shiga mota tare da direba don ya bi layuka ya ba mutane haƙuri, ya kuma ga kanta nawa suka rasa. Ya san haɗarin da ya ɗauka ranar da ya kulle, ya ce dai ba zai iya jin ƙamshin gashi ba ubansa na sabuwar kwanciya a kabari. Shagon farko ya tarar da burodi a kanta, cikin ledar gidansu, da laushinsa. Na biyu haka. Mai shayi na gaba ya ce masa, "Haƙurin me, ɗan Baba? Ai ko rana ɗaya ba a fasa ba." Ashe matar nan ta Bosso ba ruɗewa ta yi ba.

Ya dawo ya wuce ɗakin mahaifiyarsa, ni ma na bi shi. Hajiya tana kan sallaya cikin takaba. Ta ce, "Ni na ba su mabuɗin sito suka ɗebi leda. Yaran Babanku ne, waɗanda ya yaye. Tun daren farko suka aiko matansu wurina. Suka ce ka rufe tanda, ka kyauta, haka ɗa yake yi, amma kanta ba ta zaman makoki. Kowannensu ya ɗauki layi guda ya ƙara kwaɓi a gidansa. Suka roƙe ni kada in faɗa maka sai ka share hawaye."

Ya ce, "Gidan Kwano fa, Hajiya? Wa ya iya da shi?"

Ta ce, "Wa kake tsammani? Sabuwar tandarsa da yake ta tanadi, wutar farko da ya hura mata, burodin Babanka ya gasa, ya sa a ledar Babanka. Yana da tasa ledar a ajiye, da sunansa a jiki. Bai taɓa ta ba."

Daga baya muka ji cewa wancan na layin kasuwa, wanda ya zo ta'aziyya ya ci shinkafa har da neman ƙari, washegari ya tura baburansa layukan Yaya. Duk inda suka tsaya suka tarar kanta a cike, suka juya da kayansu. Da Yaya na da rai da ya ce mini, "Ka ga gyaɗar, ka ga ruɓaɓɓiyar." Ni kuma da na ce masa ai dai akwai ta.

Bayan an yi arba'in babban ɗan ya aiko mini da safe wai in shirya. Na fito na gan shi cikin babbar rigar ubansa, ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa. Mai tanda na tsaye gefe da rigar zuwa coci, sai gyara wuyanta yake yi. A bayan mota na ga kwali guda na ƙananan burodi. Na ce na mene ne? Ya ce, "Na ɗanɗano ne, Baffa. An yi sababbin shaguna bayan Bosso, ba wanda ya san mu a can. In mun dawo zan bi su. Ai dole in sa takalmi." Sannan ya sassauta murya ya ce, "Ban taɓa raka Baba irin wannan tafiya ba. Me yake cewa?" Na faɗa masa kalma bayan kalma, yana maimaitawa a hanyar Bida, muna ratsa gonaki da motocin ɗalibai.

Shagon farko a Gidan Kwano na wata Banufiya ce mai baki, ta daɗe tana karɓar burodin gidan. Ta fito tana goge hannu a zani, ta dubi rigar ta gane ta, ta kama baki. Ɗan ya gaishe ta, ya dafa kafaɗar mai tanda, ya buɗe baki ya ce, "Wannan..." sai ya tsaya. Ya dubi furfurar mutumin. Maganar da na koya masa ba ta zauna a bakinsa ba.

Matar ta ce, "To, ɗan Abuja, Hausar ce ta ƙare?"

Ya yi murmushi ya ce, "Wannan yayana ne. Daga gobe shi zai riƙa kawo miki, da ledarsa. In ya rage miki nauyi ko ya kawo ɗanye, ki kawo ƙararsa wurina."

Ta ce, "Ƙane zai hukunta wa? A wane gari?"

Ya nuna ni ya ce, "In ya fi ƙarfina, ga Baffanmu."

Mai tanda ya juya baya yana duban titi, kafaɗunsa na motsi. Ni ma na sami abin dubawa a ƙasa. Na yi kwanaki ban ji an ce "yayana" ba sai a bakina, kuma kullum da "marigayi" a gabansa. Ga shi na ji an faɗe ta ga mai rai.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe masa kaifin harshe saboda sakin hannu, Ya sa kabarinsa ya fi burodinsa laushi. Mu da muka rage, Allah Ya sa in tamu ta zo a sami masu cike mana kanta.